ƘASAR KURA: INDA RANI YA ZAMA LOKACIN NOMA

Lacca domin manoma da ɗaliban azuzuwan manya

Laccar wannan wata ta shafi ƙasar Kura ne da maƙwabtanta a Jihar Kano, wato Kura da Garun Malam da Bunkure. Dalilin zaɓen wannan yanki shi ne, da wuya a sami wata ƙasar noma a Arewa wadda zamanta ya sake kama cikin shekara 50 kamar yadda nata ya sake. Abin da ya kawo wannan sauyi kuwa ruwa ne, ruwan da ake kawowa daga nesa ta hanyar da mutum ya haƙa. Saboda haka arzikin yankin duka ya rataya ne a kan hanyar ruwa wadda ba ta kowa ba ce shi kaɗai, kuma kowa na ci daga gare ta.

Wanda ya tashi daga birnin Kano ya kama hanyar Zariya, bayan kamar kilomita 30 zai isa Kura. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, ba duwatsu, sai ɗan gangare kaɗan wanda ido ba ya ko lura da shi. Yawancinta jigawa ce mai ɗan laka, mai sauƙin huɗa. Damina takan kankama cikin watan Yuni ta ɗauke wajen ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, wato wata huɗu ke nan da 'yan kwanaki. Sauran watannin shekara ba ruwan sama. Garuruwan yankin sun haɗa da Kura kanta, da Karfi, da Ɗan Hassan, da Imawa, da Kadawa, da Ciromawa, da Garun Babba, da Gafan. Da can Garun Malam tana cikin Ƙaramar Hukumar Kura, sai a 1996 aka ba ta tata.

ZAMAN DA

Kafin zuwan ruwan, manomin Kura bai bambanta da na sauran ƙasar Kano ba. Da damina ya shuka gero da dawa, ya ratsa wake, ya ware wani gefe domin gyaɗa ko auduga. Wanda ya yi sa'a yana da 'yar fadama a bakin rafi yakan kafa jigo ya yi lambun albasa da barkono, wani lokaci har da 'yar alkama. Amma ban ruwa da jigo aiki ne na ƙarfi, guga ɗaya bayan guga ɗaya, don haka lambun ba ya wuce 'yan fangaloli. Idan aka kai amfanin gona rumbu, samari da yawa sukan ɗauki 'yan komatsansu su tafi cin rani, sai an ga hadarin farko su dawo.

Sai dai Kura tana da wata sana'a da ta ɗaga sunanta tun kafin zuwan Turawa, ita ce rini. A marinar Kura ake rina turkuɗi da rawanin nan da ake kira ɗan Kura. Masaƙa sukan saƙa sawaye sirara ƙwarai, a ɗinke su wuri ɗaya, a tsoma cikin karofi sau da yawa har su yi baƙi wuluk. Daga nan sai a kai wa mabuga, su barbaɗa shuni su yi ta bugu a kan gungumen itace har zanen ya ɗauki ƙyalli kamar ƙarfe. Manyan masu sayen wannan kaya Abzinawa ne. Fatake suka riƙa kai shi Agadas da sauran garuruwan Sahara, inda mutum kan daraja rawanin da ke barin shuɗi a fatarsa. Wannan sana'a ta haɗa mutane da yawa: mai noman baba, da mace mai kaɗi, da masaƙi, da maɗinki, da marini, da mabugi, da dillali. Ta ja baya ƙwarai saboda yadin kanti da rinin bature, amma ba ta mutu ba. Abin lura a nan shi ne, tun da can mutanen Kura sun san cinikin nesa, sun san yin kaya domin mutumin da ba su taɓa gani ba.

YADDA RUWAN YA ZO

A zamanin Gwamna Audu Baƙo aka gina madatsar ruwa ta Tiga a kan kogin Kano, daga 1971 zuwa 1974. Shekarun nan kuwa su ne na babban farin da ya addabi Arewa da ƙasar Nijar, saboda haka ba wanda ya yi gardamar amfanin tare ruwa. Tsawon bangon madatsar ya kai kamar kilomita 6, kuma an tsara ta ta riƙe ruwa kusan kubik mita miliyan dubu 2. Garuruwa da gonaki sun nutse a ƙarƙashin tafkin, an tashi mutane dubbai an sake musu matsuguni. Yana da kyau mai cin moriyar ruwan ya riƙa tunawa da su. A 1976 Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, aikin ya koma hannunta.

Abin sha'awa game da wannan aiki shi ne ba a tura ruwan da inji. Tiga ta fi gonakin tudu, don haka ruwan da kansa yake gangarowa. Yakan fito daga madatsar ya bi babbar hanyar ruwa, ya ratsa ta Ruwan Kanya, sannan ya rabu rassa. Kowane reshe ya rabu zuwa ƙananan hanyoyi, su kuma su rabu zuwa 'yan magudanan da ke bin gefen gonaki. Akwai kududdufai da aka haƙa domin tara ruwan da ya zo da dare, a sake shi da safe. A bakin gona manomi yakan lanƙwasa ɗan bututu, ya tsoma baki ɗaya cikin magudana, ɗayan a gonarsa, ruwa ya yi ta zuba. Ba fetur, ba guga. An tsara kashi na farko na aikin ya shayar da hekta 22,000, ko da yake an daɗe ba a kammala wasu sassansa ba.

Kafin a kai ruwa, sai da aka karɓi gonakin mutane, aka tumɓuke itatuwa, aka baje ƙasa da manyan motoci, aka yanka ta gida-gida. Sannan aka mayar wa kowa gonarsa bayan an cire kashi 10 cikin 100 domin hanyoyin ruwa da na mota. Ba kowa ya ji daɗin wannan ba a lokacin. Ɗorawa da kuka da tsamiya da kakanni suka bari sun tafi, tare da kalwa da miya da inuwa. Tsoffin iyakoki sun ɓace. Wanda ba shi da kuɗin taki da iri da ƙwadago sai ya ba da gonarsa haya ko jingina ga mai hali, wani lokaci ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnati daga birni. Tun daga lokacin farashin gona a inda ruwa ke kaiwa ya rabu da na gonar tudu, kuma gādo na ta ƙara tsaga gonakin ƙanana-ƙanana.

ALKAMA, SHINKAFA DA TUMATIR

Masu tsara aikin alkama suka sa a gaba, domin a rage sayo ta daga waje. Alkama tana son sanyi, saboda haka lokacinta hunturu ne. Malaman gona, ciki har da na tashar bincike ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kadawa, sun daɗe suna faɗa cewa a shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba. Wanda ya makara, zafin Maris zai riski alkamarsa tana cikin ɗaukar ƙwaya, sai ta yi shafal. A 1987 gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama, farashi ya tashi, kowa ya koma nomanta. Bayan 'yan shekaru aka ɗage hanin, alkamar waje ta dawo da araha, manoma da yawa suka watsar. Har yanzu ana nomanta, masu gurasa da alkaki da funkasau da taliyar murji suna saye. Amma wannan ya koya wa manomin Kura cewa doka ɗaya da aka sa wa hannu a nesa tana iya cika masa aljihu, wata kuma ta zazzage shi.

Shinkafa ce ta zo ta karɓe gari. Gonakin da a da gero da dawa ne da damina yanzu yawancinsu shinkafa ce, ana yafa iri a bedi sannan a dasa, idan ruwan sama ya yi tsaiko a cika da na Tiga. Wasu kuma sukan sake yin ta da rani. Irin da ake kira Sipi, wanda malamai ke kira FARO 44, ya karɓu saboda yana nuna da wuri. Nan ma akwai lissafi: wanda ya makara dashen shinkafa zai makara yanka ta, wanda ya makara yanka kuwa ya rasa lokacin alkama.

Garin Kura ya zama babbar cibiyar sarrafa shinkafa. Injinan casa sun yi layi a bakin hanya, ana kawo shanshera ba daga gonakin yankin kaɗai ba har daga wasu jihohi. A nan ne mata suka sami abin yi. Kafin a kai shanshera inji sai an jiƙa ta, an turara, an shanya, kuma yawancin wannan aiki a cikin gidaje ake yinsa. Mace tana cikin ɗakinta tana karɓar buhuna tana turarawa ana biyanta, wata kuma ta sayi nata ta juya. Da wannan kuɗi ake zubin adashi, ake kayan ɗakin 'ya'ya, ake sayen akuya. Aikin yana cin itace da yawa, hayaƙi kuma yana cin ido da ƙirji, shi ya sa wasu suka koma hura wuta da ƙaiƙayin shinkafar. Lokacin da aka rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, shinkafar gida ta yi daraja, injina suka ƙaru.

Tumatir kuwa shi ne cacar manomin rani. Yakan shuka iri a bedi wajen ƙarshen damina, ya dasa, ya yi ta ban ruwa da taki da feshi har wata uku. Daga Janairu zuwa Maris kasuwar Kwanar Gafan takan cika maƙil, ana loda kwanduna a manyan motoci zuwa Legas da sauran biranen Kudu. To, ga inda matsalar take. Kowa lokaci ɗaya ya dasa, saboda haka kowa lokaci ɗaya yake tsinka. Tumatir kuma ba ya jira. Hatsi idan ba a taya da kyau ba sai a mayar rumbu, amma kwandon tumatir idan ya kwana biyu a rana ya zama ruwa. Dillali ya san haka, mai saye ya san haka, manomi ma ya san sun sani. Akan kai lokacin da kuɗin kwando ba ya biyan ladan masu tsinka da na mota. Wasu sukan yanka shi su shanya ya zama kauɗa, su ajiye sai damina lokacin da ɗanye ya yi tsada. Dabara ce mai kyau, sai dai wanda ya shanya a ƙasa tsirara a bakin titi yana sayar da ƙura da yashi tare da kayansa, farashinsa kuwa ba zai kai na wanda ya shimfiɗa tabarma ko leda ba.

A 2016 kamfanin Dangote ya buɗe masana'antar tumatirin gwangwani a Kadawa, wadda aka gina domin ta iya cin tan 1,200 a rana. A shekarar nan kuma tsutsar da manoma ke kira sharon, wadda malamai ke kira Tuta absoluta, ta faɗa wa gonaki. Tana shiga cikin ganye ta ci daga ciki, inda feshi ba ya kai mata sosai, cikin 'yan kwanaki gona ta ƙone kamar an sa wuta. Masana'antar ta sha tsayawa saboda rashin isasshen tumatir. Dalili kuwa a fili yake: idan kaya ya yi tsada a kasuwa manomi can zai kai, idan ya faɗi sannan yake neman kamfani, inji kuwa yana son a ciyar da shi kullum. Banda waɗannan akwai masara ɗanya, wadda Karfi ta yi suna da ita, da albasa da tattasai da attaruhu da kankana da kokwamba.

YADDA ZAMAN JAMA'A YA SAKE

Ƙasar da 'ya'yanta ke tafiya cin rani yanzu ita ake zuwa wa cin rani. 'Yan ƙwadago sukan zo daga wasu sassan Kano da Jigawa da Katsina har da ƙasar Nijar, domin dashe da yanka da bugu da tsinkar tumatir. Mata da 'yan mata daga ƙauyuka ma suna fita dashe da sheƙa da kala. Gayya ta yi ƙaranci, domin kowa yana da nasa aikin a rana guda, kuma kusan kowane aiki yanzu kuɗi ne. Hutun da akan samu bayan kaka, lokacin kalankuwa da dambe da kokawa, ya ƙanƙance, saboda ana gama yankan shinkafa ake gyaran fangali. Tuwon shinkafa da dafa-duka, waɗanda a da abincin sallah ne ko na baƙo, sun zama na yau da kullum, har wani magidanci yakan sayar da shinkafa ya sayo dawa da gero domin tuwo da fura. Gidajen kwano da bulo sun yawaita, haka babura da kujerun Makka.

Ruwan ya zo da nasa ciwon. Sauro ba ya ƙarewa da ƙarewar damina, don haka zazzaɓi ma ba ya ƙarewa. Akwai kuma tsargiya. Ƙwayar cutar tana rayuwa ne a jikin wasu ƙananan dodon-koɗi da ke manne a ciyawar hanyoyin ruwa, tana fitowa ta huda fatar mai wanka ko mai ban ruwa. Mai ciwon idan ya yi fitsari cikin ruwa sai ya mayar da ƙwan, abin ya sake zagayowa. Yaro mai fitsarin jini ba alamar balaga yake nunawa ba kamar yadda wasu ke ɗauka, ciwo ne, kuma yana da magani a asibiti.

Makiyaya ma abin ya shafe su. A da bayan girbi shanu kan shiga gonaki su ci kara da harawa su bar taki, manomi da Bafillace kowa ya amfana. Yanzu gona ba ta zama fayau, wasu burtalai kuma an nome su. Ga ruwa ga ɗanyar ciyawa a tsakiyar rani, amma ba hanyar da saniya za ta bi ta kai gare su ba tare da ta taka shukar wani ko ta rusa gefen magudana ba. Yawancin ƙararrakin da ke zuwa gaban dagatai da masu unguwanni da rani daga nan suke tasowa.

NA KAN RUWA DA NA WUTSIYA

Hanyar ruwa tana tsufa kamar kowane gini. Yashi da laka suna taruwa a cikinta, siminti yana tsagewa, ƙofofin ƙarfe suna lalacewa ko a sace su, ciyawar kacala kuma tana toshe ta. Idan haka ta faru ba kowa yake ji lokaci ɗaya ba. Wanda gonarsa ke kusa da bakin ruwa yana samu har ya yi ɓarna. Wanda ke can wutsiya shi ne zai kwana a gona yana jira, ko ya haƙa rijiyar burtsatse ya sayi injin ban ruwa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, wannan hanya ta yi tsada ƙwarai. Ga manoma biyu a layi ɗaya, kuɗin ruwa ɗaya ake nema a wurinsu, amma ɗaya kyauta ruwa ke gangaro masa, ɗayan sai ya sayi mai. Wani kuma yakan fasa gefen hanya da dare ya ja ruwa, ya bar na ƙasa da shi da ƙishi.

Na kan ruwan ma bai tsira ba. Ruwan da ya yi yawa a gona, idan magudanar fitar da shi ta toshe, yakan kwanta a ƙarƙashin ƙasa ya taso da gishiri da kanwa. Sai a ga fari-fari a saman fangali, shuka ta tsumbure, mai gona ya yi ta ƙara kamfa da yuriya yana zaton yunwa ce ke damun ta. Magudanar fitar da ruwa ita ce aka fi mantawa da ita wajen yasa, domin ba ta kawo wa kowa ruwa.

A 2014 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 495 domin shirin da ake kira TRIMING, na gyaran manyan ayyukan ban ruwa a Arewa, ciki har da na kogin Kano da na Bakolori da na kwarin Haɗeja. An gyara hanyoyi da yawa. Amma sharaɗin shirin shi ne ƙananan hanyoyin su koma hannun ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, wato manoman da ke shan layi ɗaya su zaɓi shugabanninsu, su tara kuɗin ruwa, su tsara ranar kowa, su fito yasa. Hukuma ta riƙe madatsa da manyan hanyoyi. Ƙungiyar da ke rubuta abin da ta karɓa da abin da ta kashe, ta karanta wa mambobi a bainar jama'a, ita ake biya ba gardama. Inda shugabanci ya zama na masu manyan gonakin bakin ruwa kaɗai, na wutsiya yakan ce ba zai biya kuɗin ruwan da bai gani ba, kuma da wuya a ce bai da gaskiya.

Wutsiyar kuwa ba a Kura ta ƙare ba. Kogin Kano yana haɗuwa da na Challawa su zama kogin Haɗeja, ya bi ta Wudil, ya shiga fadamun Haɗeja da Nguru, ya wuce Gashuwa ya nufi Tafkin Chadi. Birnin Kano yana sha daga waɗannan koguna. Mutanen Haɗeja da Nguru kuwa tun kaka da kakanni ambaliyar shekara-shekara ce abincinsu: da ita suke shinkafa, idan ta janye su shuka a danshi, su kama kifi, su yi kiwo. Bayan gina Tiga, da kuma madatsar Challawa da aka gama a 1992, ambaliyar ta ragu ƙwarai. Ɗan ruwan da ake saki duk shekara kuma ya hana hanyoyin can bushewa da rani, kacala ta samu wurin zama ta toshe su, ta zama gidan tsuntsayen jan-baki masu cinye hatsi. Ruwa ya koma kwanciya inda ba a so, ya daina zuwa inda ake jiransa.

Ita kanta Tiga ba ta riƙe abin da ta riƙe da farko. Bayan madatsar Bagauda ta ɓalle a watan Agustan 1988, an rage tsawon mafitar ruwan Tiga a 1992 domin kare bangonta, abin da ya rage yawan ruwan da take tarawa. Laka kuma tana shigowa kowace damina daga gonakin da ke sama da tafkin. Masu jiran ruwan kuwa, daga mai fangali a Kadawa zuwa mai famfo a birni zuwa masunci a Nguru, sun ninka na 1974 sau da yawa.